Sutiyan ma awo gare ta: yadda za ki san lambarki kafin ki ƙara zubda kuɗi a kasuwa

Shekara wajen tara na yi ina sa sutiyan, wato rigar nono, mai lamba 105B, kuma a lokacin nan, da a ce wata ta ce mini ba lambata ba ce da sai mun yi cacar baki da ita, don ai ni ke sawa, ni na san jikina. Abin dariyar shi ne lambar ma ba wani ya auna ni ya ba ni ba, cikin kayan akwatin aurena na tarar da ita, dangin miji sun aiko tambaya, ƙanwata ta dube ni da ido ta faɗi abin da ya zo mata baki, aka sayo dozin guda aka zuba, shi kenan na riƙe lambar nan kamar sunan yanka. Duk sanda na shiga Babbar Kasuwa ko Wadata sai in ce ma mai tebur ba ni 105B, ya miƙo, in cusa cikin jaka da sauri kar wani ya gani, in yi gaba.

Kullum da marece in na dawo daga biro, kafin ma in cire takalmi hannuna ya kai baya, in na kwance ta sai in ga kafaɗuna biyu da rami kamar wadda ta wuni ɗauke da talla, ga ciwo tsakanin allon kafaɗa da ban san daga ina yake ba, ga bayan rigar ya hau sama har ya kusa wuya, ina tafiya ina jawo shi ƙasa a ɓoye cikin hijabi. Na ɗauka haka rigar nono take, dama can abin wahala ce, a yi haƙuri da ita kamar yadda ake haƙuri da zafin Afrilu.

Wata Tanti da ke saida kayan ciki a gidanta nan Boukoki ita ta warware mini. Na raka ƙawata ne ma, ba saye na je yi ba. Ina zaune ina shan ruwa ta kalle ni ta ce ɗiyata tashi ki juya mini baya, na juya, ta sa yatsa ta kama bayan sutiyan ɗin ta saman rigata ta ja, wallahi sai da ya yi nisan tafin hannu daga jikina. Ta ce wannan ba ta riƙe komi ba, kafaɗarki ke aikin duka. Ta shigar da ni ɗaki ta sakaya ƙofa ta ɗauko metir irin na tela, ko minti biyar ba a yi ba ta ce 95D. Na ce Tanti D kuma, ni ina ni ina D, ai D na manyan mata ne, ta yi dariya ta ce sa dai ki gani.

To abin da ta koya mini ranar, da wanda na ƙara sani daga baya, shi nake so in zayyana miki, don na lura yawancinmu a nan Yamai haka muke, lamba ɗaya muka hardace tun muna ƴan mata, an yi aure an haihu an yaye an ƙara ƙiba an rame, lambar tana nan ba ta motsa ba.

Abu na farko da ya kamata ya zauna miki a kai: ba igiyar kafaɗa ke ɗaukar nauyin nono ba. Ɗamarar nan da ta zagaye ƙirji ta ƙarƙashin nono ta je ta maƙale a baya, ita ce mai aikin, igiyoyin kafaɗa gyara zama kawai suke yi. Ki tuna yadda ake goyo, in zanen bai ɗauru da kyau a ƙirji ba ko majanyi goma kika ƙara yaron zamewa zai yi. In ɗamarar ta yi miki yawa nauyin sai ya ja gaba ƙasa, baya ya ɗaga sama, ke kuma sai ki kama tsuke igiyar kafaɗa don ki ɗago shi, kina tsukewa bayan yana ƙara hawa, igiyar tana ƙara nutsewa cikin nama. Nan ramin kafaɗar yake fitowa, da ciwon wuya da na baya da wasu ke ta shan magani a kansa.

Awon kansa guda biyu ne kacal. Ki samu metir mai laushi na ɗinki, wanda santimeta ke jiki, in ba ki da shi kowane mai saida zare da allura yana da shi kuma ba tsada. Ki tsaya gaban madubi, ki tsaya yadda kika saba ba tsayuwar soja ba, ki sa sutiyan marar soso wadda ta fi zama miki daidai cikin waɗanda kike da su, ko ma ki cire gaba ɗaya in kina ɗakinki. Awo na farko ki zagaya metir ɗin daidai ƙarƙashin nono inda ɗamarar ke zama, ya kwanta a jiki sosai, a ɗan tsuke amma ba har numfashi ya ɗauke ba, ki saki numfashi sannan ki karanta. Ki duba madubi ki tabbata metir ɗin a miƙe yake gaba da baya, bai hau sama ta baya ba, don santimeta uku ko huɗu da za su ƙaru ta nan sun isa su kai ki wata lamba. Awo na biyu ki zagaya ta inda nonon ya fi tudu, wannan kam ba a tsukewa, metir ya taɓa jiki kawai kar ya danne. In nonon ya kwanta, kamar na mu da muka shayar da uku huɗu, ki ɗan sunkuya gaba ki ƙara aunawa, sai ki ɗauki tsakiyar lambobin biyu.

Amma gaskiya a samu wata ta auna ki ya fi, ga dalili. Ke kaɗai in kin ɗaga hannu za ki kai metir baya ƙirjin ya buɗe awon ya canza, kuma ba ki ganin bayanki. Wadda ta iya kuma ba lamba kaɗai take dubawa ba, tana kallon yadda nonon ya zauna, a ware yake ko a haɗe, cikarsa ta sama take ko ta ƙasa, faɗin gindinsa ya kai har hammata ko bai kai ba, sai ta san wane irin ɗinki zai karɓe ki. Mata biyu suna iya fitowa da lamba ɗaya sak, riga ɗaya ta zauna ma wannan ta ƙi waccan. Ba sai kin je wata babbar butik mai kilim ba, cikin unguwanni akwai mata masu saida kayan ciki a gida da suka ƙware, akwai teloli mata da ke ɗinka kayan amare su ma hannunsu ya faɗa da awon ƙirji. Yadda za ki gane wadda ta iya: za ta ɗauko metir kafin ta ɗauko kaya, za ta sa ki gwada fiye da ɗaya, kuma in ba ta da lambarki za ta ce ba ta da ita. Wadda ta dube ki daga nesa ta ce wannan za ta yi miki Hajiya, ai roba ce tana buɗewa, to kayanta take son saidawa.

Yanzu lissafin, kar ki tsorata ba wuya. Awon ƙarƙashin nono ki kai shi lamba mafi kusa da ke ƙarewa da 0 ko 5. Daga 68 zuwa 72 ya zama 70, daga 73 zuwa 77 ya zama 75, daga 78 zuwa 82 ya zama 80, daga 83 zuwa 87 ya zama 85, haka dai har sama. Wannan ita ce lambar Turai, ita za ki gani an rubuta EU a gabanta. Lambar Faransa wadda muka fi sabawa da ita a nan sai ki ƙara 15 a kai, wato mai 75 ta zama 90, mai 80 ta zama 95, mai 85 ta zama 100. Ta Ingila da Amurka kuma, wadda ƴan uwanmu na Najeriya ke kira, in kayan daga Kano suka zo ita za ki ji ana faɗi: 70 ita ce 32, 75 ita ce 34, 80 ita ce 36, 85 ita ce 38, 90 ita ce 40. Kin ga mace ɗaya jiki ɗaya tana iya zama 80 da 95 da 36 duka a lokaci guda, kuma nan ne ake cutar mu ba da gangan ba, ke kin ce 90 kina nufin ta Faransa, mai tebur ya miƙo miki 90 ta Turai wadda ita ce 105 ta Faransa, kin je gida riga ta yi miki buhu. Kayan Sin da yawa za ki ga an rubuta lamba biyu a haɗe kamar 36/80, to 80 ɗin ta Turai ce ba ta Faransa ba.

Harafin kuma, A B C D ɗin nan da masu kaya ke ce ma bone, ni dai ƙoƙo nake ce masa don shi ne mazaunin nonon, daga bambancin awo biyun yake fitowa. Ki ɗebe lambar ɗamarar ta Turai daga awon tudun nono. In abin da ya rage 12 zuwa 14 ne A kenan, 14 zuwa 16 B, 16 zuwa 18 C, 18 zuwa 20 D, 20 zuwa 22 E, kowane santimeta biyu harafi ɗaya. Ni ranar ƙarƙashin 79 ya ba da, aka kai shi 80, sama kuma 99, bambanci 19, shi ne D, 80D a Turai, 95D a Faransa, 36D a Ingila. Sai dai ki kula, daga D zuwa sama Ingila ta raba hanya da Turai da Faransa, su bayan D sai DD sannan E, sannan F, FF, G, don haka E ta Turai ita ce DD ta Ingila. Masu cikar ƙirji sosai wannan ya fi shafa, in za ki sayi bosho, wato gwanjo, ki karanta takardar da kyau.

Ga wurin da ya ɗaure mini kai kwana biyu kafin in gane, kuma shi ne sirrin abin duka. Harafi shi kaɗai ba ya nufin komi. D ba babba ba ne, A ba ƙarami ba ne, sai an haɗa da lambar ɗamara. Ƙoƙon 95D da na 100C da na 105B girmansu ɗaya, abin da wannan ya ɗauka shi wancan zai ɗauka, ɗamarar ce kawai ta bambanta. Shi ya sa na shekara tara cikin 105B ban gane ba, nonon yana shiga ƙoƙon daidai sai na ɗauka lambata ce, alhali ɗamarar ta fi ni da santimeta goma cur. Wannan zai yi miki amfani a kasuwa: in kin gwada ƙoƙo ya yi amma ɗamara ta yi sako-sako, ki sauka lamba ɗaya ki hau harafi ɗaya, daga 100C zuwa 95D. In ɗamara ta matse ki ƙoƙo ya yi, ki hau lamba ki sauka harafi. In kin sauka lamba kika bar harafin yadda yake to ƙoƙon ma ya ragu, sai ki ce ai na gwada ƙarama ta matse ni, ki koma gidan jiya. Kuskuren da muka fi yi kenan, ɗamara babba ƙoƙo ƙarami, saboda kunyar a ji mun ce D ko E gaban namiji mai tebur, kuma gaskiya masu teburin ma B da C suka fi kawowa.

Metir dai hanya yake nuna miki, gwaji shi ke yanke hukunci, don kamfani da kamfani awonsu ba ya zama ɗaya, har kamfani guda ma ɗinki biyu suna iya bambanta. Da za ki gwada ki maƙala a maƙalin farko, na bakin nan wanda ya fi sakewa. Sabuwar sutiyan a nan ya kamata ta kama ki, saboda robar za ta saki da wanki da sawa, sauran maƙalan na ciki an yi su ne don ki riƙa matsawa a hankali. In tun ranar farko sai a na ƙarshe ta kama ki, wata biyu ya yi yawa za ta zama tsumma. Bayan kin maƙala ki sunkuya gaba, ki sa hannun dama cikin ƙoƙon hagu ki kwaso naman tun daga wajen hammata ki kawo shi gaba, ki yi haka ɗaya gefen, sannan ki miƙe. Mata da yawa abin da suke ce ma kitsen hammata nono ne da ƙaramin ƙoƙo ya kora gefe shekara da shekaru, ranar da Tanti ta sa na yi haka a cikin tsohuwar tawa sai ga shi ya tumbatso ta sama kamar ƙullun da ya kumbura a kwano.

Sai ki duba madubi ta gefe. Ɗamarar ta tafi a miƙe daga gaba zuwa baya, kar ta yi sama. Yatsa biyu su shiga ƙarƙashinta da ɗan ƙyar, in hannu duka ya shige ta yi yawa. Ɗan tsakiyar nan da ke tsakanin ƙoƙo biyu ya kwanta a ƙashin ƙirji, in mai ƙarfe ce kenan, in yana lilo a iska ƙoƙon ya yi kaɗan. Ƙarfen kansa ya zagaye nonon ta gindi ya ƙare a bayansa wajen hammata, kan haƙarƙari zai zauna ba kan nama ba, in kin danna ƙarshensa kika ji taushi to a kan nono yake kuma shi ne mai sukar nan da ke sa mu zare ƙarfen mu yar. Bakin ƙoƙon ta sama kar ya yanka nonon gida biyu a ga kamar huɗu ne cikin riga, kar kuma ya yi baki buɗe ko yadin ya tattare. Igiyar kafaɗa ki sassauta ta ki zame ta gefe, in komi ya zube to ɗamarar ba ta aiki, in ya ɗan sauka kaɗan kawai ya tsaya, kin samu. Daga nan ki ɗaga hannu sama kamar mai shanya, ki sunkuya kamar mai shara, ki zauna kan kujera, har ruku'u ki gwada don da ita za ki yi salla sau biyar, in nono ya leƙo ta ƙasa ko ƙarfe ya hau ki ajiye ta komin kyanta. A ƙarshe ki ɗora rigarki ta atamfa ko leshi a kai ki gani, kuma dan Allah ranar da za ki je awon ɗinkin salla ko na biki ki sa sutiyan ɗin da za ki sa da kayan, tela nawa muka zaga a banza alhali laifin daga ciki yake.

Kusan kowace mace nono ɗaya ya ɗan fi ɗaya, ba ciwo ba ne, ki saya daidai da babban, ƙaramin sai ki ɗan tsuke igiyarsa ko ki sa ɗan soso a ciki.

Matsalar kasuwa kuma na san ta, yawancin masu saidawa maza ne, ba wurin gwaji, ga mutane na wucewa, ke duk so kike ki karɓa ki bar wurin. Abin da nake yi: metir ɗina yana cikin jaka, da ƴar takarda da na rubuta lambobina uku. Na auna ɗamarar wadda ta fi zama mini daidai a gida, a shimfiɗe daga maƙali zuwa maƙali, da kuma iya inda take kaiwa in na ja ta, sai in gwada ta kasuwar haka nan kan tebur. Kuma kafin in ba da kuɗi sai mun yi magana, Malam in ba ta yi ba zan dawo da ita gobe da takardarta a canza mini, wanda ya ƙi in wuce na gaba, in kin zama kiliyan ɗinsa ma shi zai riƙa ajiye miki lambarki. Ɗaya za ki fara saye ba uku ba, ki wuni da ita, in ta yi ki koma. Masu saidawa ta WhatsApp su ma ki tambaye su lambar wace ƙasa ce, su ɗauko miki hoton takardar da ke jikin rigar ba hoton da suka samo a intanet ba.

Bosho kam ban hana ki ba, ni ma ina saye, sau da yawa ma nan ake samun manyan haruffa da yadi mai ƙwari da jika ɗaya ko biyu. Amma lambar da ke jiki ta lokacin da take sabuwa ce, wata ta riga ta sa ta ta buɗe, don haka ki ja ɗamarar ki saki ki ga ko tana komawa da ƙarfi, in kin ji tana ƙara kamar busasshen ganye robar ta mutu. Ki duba ƙarfen bai lanƙwashe ba, maƙalan ba su yi tsatsa ba, kuma ki wanke ta sosai ta bushe ƙarau kafin ta taɓa jikinki.

Lambar nan ba ta dindindin ba ce, wannan ma ki riƙe. Kwanakin da al'ada ta kusa nono yana cika yana zafi, kar ki yi awo lokacin, ki bari sai ta wuce da ƴan kwanaki. In kin ƙara ƙiba ko kin rame har zobe ko siket ya faɗa miki, to sutiyan ma ta canza, wasu bayan azumi ma sai sun matsa maƙali. Maganin tsarin iyali yana canza ma wasu, shekarun ɗaukewar al'ada ma haka. Sau ɗaya a shekara dai ki sake awo, ni na ɗaura shi da ɗinkin ƙaramar salla don kar in manta. Mai ciki kuwa nata daban ne, haƙarƙari yana buɗewa nono yana ƙaruwa tun watannin farko, ki koma marar ƙarfe mai faɗin igiya, ta shayarwa mai buɗewa ta gaba kuma ki bari sai wajen wata na takwas ki auna, ki bar ɗan wuri a ƙoƙon don in ruwan nono ya zo kwana biyu zuwa huɗu bayan haihuwa zai ƙara cika. Abin da ya matse nono lokacin shayarwa yana iya toshe hanyar ruwan ya yi ƙulli, daga nan sai kumburi da zazzaɓi, in kin ga haka ungozoma za ki nufa ba mai tebur ba. Ɗiya budurwa da ta fara ƙirgar dangi ita ma uwa ta auna ta a ɗaki cikin sirri, kar a miƙa mata kwancen yayarta, kuma ita tata lambar tana gudu, duk bayan wata shida a duba.

Zafin garin nan ma yana da nasa hukunci. Watan Afrilu da Mayu da ake haura digiri 40, ga wuta tana ɗaukewa, mai soso mai kauri azaba ce, gumi yana taruwa ƙarƙashin nono wurin ya yi ja ya yi ƙaiƙayi har ya saɓule ya yi wari, kuma ɗamara mai sako-sako ita ta fi kawo shi don nonon yana kwanciya kan fata suna gugar juna. Ki nemi mai auduga ta ciki, ki tsane wurin da kyau bayan wanka kafin ki sa, kar ki maimaita ta jiya da gumi a jiki. In ya riga ya saɓule ki je likita a ba ki abin shafawa, kar ki kama zuba masa hoda mai ƙamshi ko man bilicin. Wanki da hannu, ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, ban da jabel ban da ruwan zafi, kar a murɗe ta kamar zane, a matse a hankali a shanya a inuwa, don ranar Yamai tana cinye roba fiye da yadda sawa ke cinye ta. Guda uku masu kyau da kike juyawa sun fi dozin da ba lambarki ba. Sai kuma ɗabi'armu ta mayar da ita jaka, kuɗin cefane da makulli da salula duk a ciki, ƙoƙon ɓangare ɗaya yana buɗewa ya lalace, ni ma har yau ban daina duka ba gaskiya.

Akwai maganar da ke yawo a gurup-gurup cewa sutiyan mai ƙarfe ko baƙa ko kwana da ita yana kawo kansar nono. Ba gaskiya ba ne. A 2014 masu bincike a cibiyar Fred Hutchinson da ke Seattle a Amurka sun bi mata wajen 1,500, masu ciwon da marasa shi, ba su ga wata alaƙa ba tsakanin ciwon da sa rigar nono, ko mai ƙarfe ce ko awa nawa ake wuni da ita. Abin da matsattsiya ke yi shi ne ciwon jiki da shaida a fata. Amma tunda awo ya sa kin tsaya gaban madubi kin sa hannu, to ki duba da kyau: ƙulli mai tauri a nono ko hammata da bai tafi ba bayan al'ada, fata ta lotsa ko ta yi kamar ɓawon lemu, kan nono ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, jini ko wani ruwa yana fita ba shayarwa kike ba, nono ɗaya ya canza girma kwatsam. Ko ɗaya kika gani kar ki ce sutiyan ce ta jawo ki canza lamba ki zauna, kar kuma a tsaya shafe-shafe da turare, ki fara da likitar unguwarku su tura ki gaba, nan Yamai akwai Maternite Issaka Gazobi akwai kuma cibiyar ƙasa ta yaƙi da kansa, watan Oktoba ma ana yawan yin gangamin dubawa. Yawancin ƙulli ba kansa ba ne, amma ba ke za ki yanke ba.

Watan jiya aka sa ranar ƙanwata, ita dai waccan da ta laƙaba mini 105B. Da dangin angon suka aiko tambayar lambobi na kayan akwati ban bari ta amsa ba, na ja ta ɗaki na rufe ƙofa na ɗauko metir tana ta dariya tana Yaya mi ye haka, 74 ƙasa, 92 sama. Na yi ma babbar yayar angon bokal na ce Hajiya a rubuta, 90C in ta Faransa ce, 75C in an ga EU, 34C in daga Kano za a sayo, kuma dan Allah huɗu sun isa, kuɗin sauran a ƙara mata atamfa. Ta maido mini da amsa tana cewa ita ma yaushe zan zo in auna ta.